Nauyin Taurari da Saƙon da Na Riƙe

Fiye da shekara ashirin na yi ina aikin boila a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo. Boila babbar tukunyar ƙarfe ce, ta fi ɗaki tsawo. A cikinta ake dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya bi bututu ya je wajen rini da wajen busar da yadi. Aikina in kula da wuta, in kula da ruwa, idona kuma kullum yana kan allurar geji, mai nuna ƙarfin tururi. Karatuna firamare ne, sai abin da na tsinta a wajen aiki. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani ya ɗauka masani ne ke rubutu. Abin da zan faɗa game da taurari daga bakin 'yata na ji shi, in an ga kuskure nawa ne.

Akwai wata doka a ɗakin boila da ba a rubuta ta a ko'ina ba. In saƙon rasuwa ko na ciwo ya zo wa mutum yana kan aiki, masu gadi ba sa barin mai saƙon ya wuce ƙofa. Su ba shi benci, su ba shi ruwa, ya zauna har a busa jiniyar tashi. Masu saƙa ana iya kiransu, a kashe injin kawai. Mai boila kuwa ba a taɓa shi. Wanda hankalinsa ya rabu biyu zai iya barin ruwa ya yi ƙasa, in tukunya ta fashe kuma ba shi kaɗai za a binne ba.

Ni ma an yi min. Ran da mahaifina ya rasu, ƙanensa ya taso daga ƙauye ya iso da hantsi, ya zauna a bencin nan har ƙarfe biyu. Da na fito na gan shi da hularsa a kan gwiwa, ban buƙaci ya buɗe baki ba. Ban ji haushin kowa ba. Da na dawo daga jana'iza har na je na gode wa shugaban masu gadi. Na yi shekaru ina ba da labarin nan da alfahari, a coci, a wajen biki, a gaban 'ya'yana.

'Ya'yanmu biyu ne suka rayu. Babban namiji ne, yana sayar da tayoyi a bakin titi a Gonin Gora. Ƙaramar mace ce, auta muke ce mata. Tun tana ƙarama lissafi ba ya ba ta wahala. Da aka rufe masaƙa muka koma Romi, mamarta tana sayar da doya da wake a ƙofar gida, ni kuma ina gyaran famfo da injin ruwa inda aka kira ni. A haka yarinyar ta shiga jami'a. Ni aikin nas na so mata, don na ga masaƙa ta mutu amma ban taɓa ganin asibiti ya rasa marasa lafiya ba. Ita kuwa kimiyya ta zaɓa. Da ta gama ta ce ta samu gurbi a wata jami'a a Turai, za ta ci gaba da karatu a kan taurari.

Na ce mata, "Taurarin za ki ci?"

Mamarta ce ta amsa daga bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana kallon allura ɗaya, ita in ta kalli taurari sai ya zama laifi?"

Na yi wata biyu ba na amsa gaisuwar yarinyar sai da ka. Ranar da za ta tafi na ce ina da aiki a Rido, na fita tun da sassafe. Ba ni da wani aiki. Yayanta da mamarta ne suka raka ta. Wannan shi ne kuskurena na farko, shi ne kuma ya haifi na biyu.

Bayan shekara biyu ta zo hutu. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida, mamarta ta ɗora wake a wuta, ta aza dutse a kan murfin tukunya don kada tururi ya ture shi. Sai ta ce wa yarinyar, "Ki yi wa babanki bayanin aikin nan naki. Na gaji da jin yana ce wa mutanen coci wai kina karatun abin sama, kamar mai koyon maita."

Auta ta yi dariya, ta jawo kujera kusa da ni. Ta ce duk taurarin da muke gani, har da rana, 'yan gari ɗaya ne, garin kuma ana ce masa galaksi. Irin garuruwan nan suna da yawa, ba sa ƙirguwa. A wasu wurare ɗaruruwansu sukan taru waje ɗaya, kamar yadda Kakuri da Makera da Nasarawa da Romi suka manne da juna. Irin wannan taron shi take nazari. Ta ce tsakanin garuruwan ba wayam yake ba, akwai wata iska siririya ƙwarai, mai zafin da ya kai miliyoyin digiri. Saboda tsananin zafin, hasken da take fitarwa ido ba ya ganinsa. Irin hasken nan ne da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, eksire. Ba ya isowa ƙasa, iskar duniyarmu tana tare shi, don haka na'urar da ke ɗaukarsa tana can sama a kan tauraron ɗan'adam. Ita hotunan take samu a kwamfuta, ta auna zafin iskar da kaurinta, a tsakiya da kuma gefe-gefe.

Na ce, "To in kin auna, sai me?"

Ta ce, "Baba, in tururi ya yi zafi sosai, me yake so ya yi?"

"Fita."

"Me ke hana shi?"

"Ƙarfen tukunya."

"In na gaya maka zafin tururi da ƙarfin da yake turawa, ban nuna maka tukunyar ba, za ka iya gaya min kaurin ƙarfenta?"

Na yi tunani. Na ce, "Zan iya gaya miki abin da ba zai gaza ba. In ya gaza haka, da tuni ta fashe."

Ta buga cinyarta. Ta ce, "Aikina ke nan. Sai dai a can babu tukunya. Nauyi ne ke jan iskar ya riƙe ta. In iska mai zafi haka ba ta watse ba, to akwai nauyin da ya isa ya riƙe ta. Daga zafin nake lissafa nauyin. In na bi daga tsakiya zuwa gefe, sai in san inda nauyin ya fi taruwa."

Mamarta ta nuna murhu da ludayi. "Wato dutsen kan murfi kuke nema. Sai da aka je Turai kafin a gane wannan?"

Auta ta ce haka ne, amma dutsen nasu ba a ganinsa. In an haɗa nauyin taurarin duka da na iskar, ba su kai ko kusa da abin da lissafi ya nuna ba. Mafi yawan nauyin na wani abu ne da ba ya ba da haske ko kaɗan, har yau kuma ba wanda ya san ko mene ne. Sannan ta ƙara wata magana. Ta ce lissafin nan yana tafiya daidai ne kawai in iskar a kwance take. In taro biyu sun yi karo, iskar tana motsi ba ta lafa ba, sai amsa ta fito ba daidai ba, sau da yawa ta nuna nauyi ƙasa da yadda yake. Nata ɓangaren shi ne gano waɗanda a ido kamar suna kwance, alhali ba haka ba ne.

Na ce, "Mu ma in ruwa yana tsalle a tukunya, gilashin awo yakan yi ƙarya. Ya nuna maka ruwa ya cika, alhali kumfa ne."

Ta dube ni wani iri, ta ce, "Baba, da ka yi karatu da mun shiga uku."

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. A nan ya kamata in ce mata ta yafe min maganar da na yi da kuma rakiyar da na ƙi. Kalma uku ce ko huɗu. Ban faɗa ba. A raina na ce zan biya ta wata hanya, ba abin da zai sake shiga tsakaninta da karatun nan muddin ina raye. Daga ranar, in an tambaye ni a coci, sai in ce 'yata tana auna nauyin taurari, in tsaya in ga yadda fuskar mutum za ta yi.

Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu take kira. Da mamarta suke daɗewa. Ni nakan gaisa, in tambayi iskar nan ko ta lafa, ta ce da sauranta, in miƙa waya.

A daminar shekararta ta ƙarshe mamarta ta fara tari. Muka ce sanyi ne, muka ce hayaƙin itace ne. Da ya ƙi tafiya, ta fara ramewa, muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga shi a jikin fitila, ya nuna mana wani fari a gefen dama, kamar an ɗiga kunu a baƙin yadi. Bayan wasu gwaje-gwaje ya ce ciwon daji ne, ya kuma yi nisa. A cikin keke napep muna dawowa ta riƙe ambulan ɗin hoton a cinyarta, ta ce, "Ashe hasken nan na auta ya riga ta zuwa gida."

A lokacin saura wata huɗu yarinyar ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na shekaru. Mamarta da bakinta ta ce, "Kada a ɗaga mata hankali tukuna." Tukuna ta ce. Ni kuwa na kama maganar na ɗaure ta tam.

Yayanta bai yarda ba. Ya zo daga Gonin Gora da hannunsa duk baƙin taya, ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Baba, a gaya mata. Ita ba yarinya ba ce."

Na ce, "Tana kan boila. Ba a kai wa mai boila saƙo."

Ya ce, "Baba, nan ba masaƙa ba ce. Masaƙar ma ta mutu."

Na ce masa in ya kira ta ban yafe ba. Yaron kirki ne, ya sunkuyar da kai ya tafi. Na yi amfani da biyayyarsa na sa shi cikin laifina, wannan ma yana cikin abin da nake ɗauke da shi.

Na zama mai gadin ƙofa. Ranar Lahadi in ta kira da hoto, sai in ce layin ba shi da kyau, mu yi da murya kawai. Kafin ƙarfe huɗu nakan ba mamarta ruwan ɗumi da zuma, in jingina ta da filo, don ta samu ta yi magana kaɗan ba tari. In tarin ya taso sai in karɓe wayar in ce abinci na ƙonewa. Da jikin ya ƙara nauyi na fara cewa ta tafi taron zumuntar mata. Sau ɗaya auta ta ce, "Zumuntar nan ba sa hutu ne?" Na ce ai kin san mamarki. Ta yi dariya. Ni ma na yi.

Sau uku matata ta ce in kira mata yarinyar.

Na farko a gida ne, ina shafa mata man zafi a baya. Ta ce, "Ina ganin lokaci ya yi da za a gaya wa auta." Na ce saura sati biyar, ta yi haƙuri.

Na biyu a asibiti, bayan an kwantar da ita. Ta ce, "Malam, ba na jin zan kai." Haka take kirana in tana so ta tsokane ni, tun muna saurayi da budurwa, don na taɓa koya mata rubuta sunanta. A ranar ba tsokana ba ce. Na ce kada ta yi irin wannan maganar, Allah yana nan, saura sati biyu da 'yan kwanaki.

Na uku da safe ne, bayan an zo an duba ta. Muryarta ta riga ta shige ciki, sai na sunkuya kafin in ji. Ta ce, "Ni na haife ta. Kira min ita yanzu, in ji muryarta tana sane."

Na ɗauki waya na fita baranda. Na buɗe sunan, yatsana yana kai. Na tsaya ina kallon wata mata tana shanya zane a kan waya, ina lissafin kwanaki. Goma sha ɗaya. Na ce a raina matar nan mai ƙarfi ce, ta haƙura da abin da ya fi haka, za ta kai. Na mayar da wayar aljihu. Na koma ciki na ce mata, "Layin ba ya shiga. Zan sake gwadawa."

Ta dube ni. Shekara arba'in muna tare, ta san fuskata in na yi ƙarya. Ta juya kanta wajen bango. Bayan kwana biyu, ranar Talata da hantsi, ta rasu.

Ko a nan ban saki ba. Na sa aka ajiye ta a ɗakin ajiye gawa, na roƙi fasto da matan zumunta kowa ya kama bakinsa na kwana tara. Na manta cewa zamanin benci da mai gadi ya wuce. Wata ta sa hoton matata a waya da addu'a a ƙasa, hoton ya yi ta yawo, har wata da suka yi sakandare da auta ta aika mata da ta'aziyya. Ranar Asabar da rana wayata ta yi ƙara.

Auta ta ce, "Baba, ina Mama?"

Na ce, "Ta ɗan fita, ta je..."

Ta ce, "Kada ka ƙara." A hankali ta faɗa. Sai ta kashe.

Ta shiga jarrabawar, ta kuma ci. Daga baya yayanta ya gaya min abin da ta ce masa. Da an sanar da ita, wasiƙa ɗaya za ta rubuta a ɗaga mata ranar, wata uku ko shida, ba wanda zai ce uffan. Hotunan suna nan a kwamfuta. Hasken da take aunawa ya yi shekaru miliyoyi yana tafiya kafin ya iso, zai iya jiran ta. Babu tukunyar da za ta fashe. Ban taɓa tambaya ba. Ni da nake taƙama na gane aikinta, ban tambayi abu mafi sauƙi ba.

Ta zo jana'iza a ƙauye. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban mutane yadda ya kamata, ta tashi ta koma cikin mata. Da muka dawo Kaduna a gidan yayanta ta sauka. Ba ta taka Romi ba har ta koma. Shekara uku ta yi ba ta kira ni ba. Saƙonta yakan zo ta bakin yayanta: auta tana gaisuwa, auta ta ce ka riƙa shan maganinka. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu nakan ajiye waya a kan benci in zauna kusa da ita, kamar ina hutawa.

Ga yayanta da kowa, abin da na faɗa shi ne mamarsu ce ta ce kada a gaya mata, ni umarninta na bi. Rabin gaskiya ne. Maganar baranda ba wanda ya san ta sai ni da wadda ta tafi.

A bana matar yayanta ta haihu, auta ta zo ganin jariri. Kwana huɗu da zuwanta, da la'asar, na ji sallama a ƙofa. Ita kaɗai ce. Ta ƙara kama da mamarta, har tsayuwar. Ta gaishe ni, na ba ta kujera, ta ƙi ruwa. Ta ce, "Hoton ƙirjin Mama yana nan?"

Yana ƙarƙashin katifa inda mamarta ta ajiye shi. Na ɗauko. Ta zare shi daga ambulan, ta ɗaga a jikin taga, ta daɗe tana kallo. Sannan ta fara tambaya, ɗaya bayan ɗaya, ba fushi a muryarta. Yaushe tarin ya fara. Yaushe ta daina cin tuwo. Wa ke yi mata wanka. Ranar da aka ce ta tafi zumunta karo na farko, a ina take. Na amsa duka.

Ta ce, "Ka san abin da ya fi damuna? Na ji. Na ji numfashinta ya gajarce. Na lura ba ta ƙara yi min tsiya. Na lura kai da ba ka son waya ka koma kai ne mai dogon zance. Duk alamun suna hannuna. Aikina ke nan kullum, in ga abu kamar a kwance in ce ban yarda ba. Amma da ka ce gida lafiya, sai na ɗora lissafina a kan maganarka."

Na ce, "Laifin ba naki ba ne."

"Na sani." Ta mayar da hoton cikin ambulan. "Yaya ya ce Mama ce ta hana. Shekara uku ina fushi da ita ma, tana cikin kabari. Baba, Mama ba ta neme ni ba? Ko sau ɗaya?"

Na ga hanya a buɗe. In na ce ba ta nema ba, laifin ya rabu biyu, rabi a kan wadda ba za ta iya musu ba. Yarinyar ta riga ta zo har gida, ta zauna a kujerata. Wataƙila ta kwana. In na faɗi gaskiya kuwa, ina ganin wannan ne zamanta na ƙarshe a gidan nan. Na tuna yadda matata ta juya kanta wajen bango.

Na ce, "Sau uku."

Na gaya mata na farko da na biyu. Na gaya mata na uku, da baranda, da matar da ke shanya, da kwana goma sha ɗaya, da abin da na koma na faɗa. Na maimaita mata maganar mamarta kalma-kalma. Na ce, "Ban kira ba. Layin lafiyarsa ƙalau. Na yi wa mamarki ƙarya, na yi miki, na kuma ɗora mata laifin bayan ta mutu. Tun maganar da na yi miki ta cin taurari nake neman yadda zan gyara, ban iya buɗe baki ba, sai na gyara da wannan."

Ta kife fuskarta a kan ambulan ɗin ta yi kuka, irin kukan da ba ta yi a ƙauye ba. Ban matsa kusa ba, ban ga ina da wannan izinin ba. Can ta share fuska da gefen gyalenta. Ta ce, "Ta ce ita ta haife ni?"

"Haka ta ce."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙe, ta sa ambulan ɗin a jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, "Ka rubuta min. Duka, tun daga farko, kada ka gyara komai. Ina so in san kwanakin nan da ba a ba ni ba." Ta fita. Ba ta kwana ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ni ma ban roƙa ba, na ga bai kamata in ƙara mata wani aiki a ranar ba.

Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na fara. Wannan shi ne na farko da na iya kaiwa ƙarshe. Kwanakin asibiti ɗaya bayan ɗaya suna cikin wani littafin, nata ne ita kaɗai. Lahadi biyar sun wuce bayan komawarta, wayar tana kan benci, ba ta yi ƙara ba.

A satin da ya wuce jiri ya ɗebe ni ina cikin gyaran famfo, na je asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirjina. Likita ya ce zuciyar ta kumbura, akwai sauran gwaji, kada in ƙara ɗaukar abu mai nauyi. Na fito na zauna a wani benci kusa da ƙofar asibitin, ambulan a cinyata. Ranar Laraba ce, ƙarfe goma sha ɗaya. Na san auta tana wajen aiki. Na san yayanta ya ce tana da wani babban taro a ƙarshen wata. Na ji kaina yana fara lissafin kwanaki, shi kaɗai, ba tare da na sa shi ba.

Na danna sunan. Ta yi ta ƙara, har na ɗauka ba za a ɗauka ba.

Ta ce, "Baba? Ina cikin aiki."

Na ce, "Na sani. Ina da saƙo, ba mai daɗi ba ne."

Na ji ta ture kujera, na ji an rufe ƙofa. Ta ce, "To, faɗi. Ina ji."